Yaya Mai Hoto da Fuskar da Ya Ƙi Fitarwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda unguwa ta sani da Mai Hoto, bayan gajeriyar jinya. Shi ya koya mini riƙe kamara, kuma teburina na jikin nasa a shago har ya kwanta.

Yaya, kai mutum ne mai zargin duk hoton da ya cika kyau. In na ƙara wa hoto kaifi a kwamfuta, sai ka leƙo ta saman tabarau ka ce, "Ƙanena, wannan gashin girar kai ka shuka shi ko Allah?" Ka koya mini a ƙara kaɗan, a ƙarshen gyara, a tsaya kafin gefen fuska ya fara farin zobe. Tsofaffi kuwa ba ka ƙara musu ko kaɗan, don kada tamojinsu ya fi murmushinsu fitowa.

Wannan halin ne ya jawo maka magana. Shekarar da babur ya buge ɗiyar mai shagon magani ya gudu, kana ɗaukar hoton wasu ɗalibai a bakin titi, sai mahayin ya faɗo a gefen hoto, dishi-dishi. Yarinyar ta rayu da ɗingishi. Uban ya zo ya tsaya a kanka ya ce ka fito masa da fuskar. Ka ƙara kaifin a gabansa daidai gwargwado, ka janye hannu.

"Abin da kamara ba ta kama ba, ba ni da shi," ka ce. "In na matsa, kwamfuta za ta zana maka wani, ka je ka kama shi."

Ya kai hoton wani shago, aka matsa masa kaifin, sai ga fuska mai kama da ƙanen wani tela amininka. Hukuma ta kama saurayin, ta ce ka tabbatar shi ne, ka ƙi, aka sake shi. Daga ranar aka fara cewa rufa wa aboki asiri ka yi. Wasu suka daina kawo aiki, wasu suka riƙa amsa gaisuwarka da rabin baki. Ba ka taɓa kare kanka ba, kuma ba a gano mahayin ba.

Ranar zaman makoki mai shagon magani ya zo, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tafi ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Yanzu ba ya nan. Tsakaninka da Allah, ya gane mahayin ko?"

Na ce ina wurin lokacin da ka ƙara kaifin, kuma ni ma ban ga fuska ba. Ya daɗe yana kallon idona, ya sa takalminsa ya tafi.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya wanke ka daga zaton mutane. Ya sanyaya zuciyar wannan uba. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, 'ya'yanka da mahaifiyarmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.