Rabin Kitson Inna Hamsatu

Kafin rana ta leƙo kan rufin kwanon unguwar Lazare a Yamai, Inna Hamsatu ta riga ta share gindin itacen bedin da ke ƙofar gidanta. Takan shimfiɗa tabarma, ta ajiye 'yar kujerarta, ta jera tsinken kitso da mataji da gwangwanin man shanu, sannan ta miƙe ƙafafu tana jiran kan farko. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan zama, tun farin farko da ya koro ta daga wani ƙauyen Gobir ita da mijinta Yakuba, Allah ya jiƙansa. A can ma kitson take yi tun tana budurwa.

Amma akwai safiyar da za a tarar da kujerar a kife, ƙofa a rufe. Duk matar unguwa ta san ma'anar wannan. Inna tana da ciwo wanda ba ya zazzaɓi, ba ya kumburi. Ya kama ta tun shekarar da ta binne 'ya'ya biyu a kan hanyar zuwa Yamai. In ya zo, abinci ba ya mata ɗanɗano, magana ta yi mata nauyi, tashi daga shimfiɗa ya zama kamar ɗaga turmi da hannu ɗaya. Ba ta taɓa ɓoye shi ba. Suna ma ta raɗa masa, na muƙamin soja: Ajidan.

"Ba ya sallama, ba ya faɗin ranar tafiya," in ji ta. Takan duba hagu da dama, ta rage murya, don zamanin nan ba kowace dariya ake yi da ƙarfi ba. "In ya yi juyin mulki, sai a hana fita."

Kwana uku, wani lokaci huɗu, sai a ga ta fito ta juya kujerarta, ta ce, "To mata, an mayar wa farar hula mulki. Wa ke kan layi?" Mu rufe baki da gefen zane muna dariya. Duk wata kuma takan je likita ta karɓo ƙwayoyinta. In wata ta ce ai addu'a ta isa, sai ta ce, "Addu'a da ƙwaya ba su taɓa faɗa a cikina ba."

Bara, da ruwa ya sake ɗaukewa, mutane suka yi ta kwararowa daga yankin Zarmaganda. Cikinsu akwai Fati, Bazabarma, da jariri ɗan wata huɗu, da mijinta Haruna wanda ya samu aikin ban ruwa a lambunan Gamkalle. Ba a daɗe ba Fati ta daina magana. Takan zauna ta fuskanci bango, yaro yana kuka a gefenta kamar ba nata ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce lalaci. Dangin Haruna suka yanke shawara: a ba yayarsa jaririn, a mayar da Fati ƙauyen da ko tiyar hatsi babu.

Inna ta hango ta ne a layin rabon jar dawa, ranar da Haruna ya jawo ta da ƙyar. Kallabinta ya zame. Kitson da ke kanta ya fi wata biyu, ya tashi ya cukurkuɗe.

"Mace ko tukunyarta ba komai, takan nemi wadda za ta kama mata kai," Inna ta ce mini a hanyar komawa. "In kin ga ta bar shi haka, ba talauci ba ne. Ajidan ne."

Washegari ta ɗauki tsinkenta. Na bi ta da tawa ɗiyar a baya. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasa tun kaka da kakanni. Ɗaya yakan shiga wa ɗaya ba sallama, ya faɗa masa abin da ko uwarsa ba za ta faɗa ba, kuma ba a fushi. Da wannan iznin Inna ta ɗaga labulen buhun da ke ƙofar bukkar.

"Ina baiwata? Af, ga ta. Ke, wannan kai ne, ko nan kajinku ke kwana?"

Fati ba ta ko waiwayo ba. Inna ta zauna a bayanta, ta jawo kan tsakanin gwiwoyinta. Tsifa kaɗai ta cinye hantsi. Ta shafa mai, ta tsaga, ta kitse gefen dama tsaf. Daga nan ta soke tsinke a kallabi ta miƙe.

Haruna ya ce, "Inna, ai ba a gama ba."

"Da idona nake, bawana. Hannuna ya gaji. Kan Zabarmawa tauri gare shi, cin kopto, dafaffen ganyen nan naku, ya yi muku yawa. Gobe ta same ni gindin bedi."

"Ba ta fita, Inna."

"To ta zauna kamar gonar da aka nome rabi." Ta nuna jaririn da haɓa. "Shi kuma wannan, kada wanda ya ɗauke shi sai na gama kan uwarsa. Ka yi mini alkawari?"

Haruna ya yi alkawari, yana zaton maganar kwana ɗaya ce.

Da safe muna zaune, Inna tana kitsa wata amma idonta yana kan hanya. Can sai ga Fati tafe a hankali, ta ja kallabi ta rufe kunyar rabin kai. Inna ta kitsa mata layi ɗaya tak, ta ce sai gobe. Kashegari ta ƙara ɗaya, ta tsefe na jiya wai ya karkace. Haka aka yi ta yi. Kullum Fati tana da dalilin tashi, da wurin zuwa, da mutanen da za su ce mata "kin makara". Muka riƙa karɓar yaron muna yi masa wasa, in ya nemi nono mu ɗora mata shi a cinya.

Rana ta tara Inna tana cikin tsiyarta, wai ko jakin ƙauyensu ya fi Fati gashi mai laushi, sai muka ji wata murya ƙasa-ƙasa.

"Ke da kaza ta yi tono a fuskarki."

Tsagen Gobirawan da ke kumatun Inna take nufi. Sai Inna ta saki kan, ta kwashe da dariya har da hawaye. "Ashe baiwata tana da baki! Ku taya ni murna, ta zage ni!"

A ranar Inna ta ba ta labarin Ajidan, ba tare da ta rage komai ba. A satin ta raka ta likita. Kitson nan ya ɗauki kwana arba'in. Ranar da aka ɗaure layin ƙarshe, yaron yana bayan uwarsa, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar ɗauke shi.

Sai a lokacin na tuna cewa ni ma na yi sati biyu ina yawo da rabin kai bayan haihuwar fari, ina ta mita wai tsohuwar nan ba ta cika aiki. Da na tambayi mata, muka ƙirga mu bakwai.

Inna, ke ce kika ga abin da dangi ba su gani ba. Ba ki taɓa ce wa ɗayanmu "yi haƙuri" kika wuce ba. Kin san mai wannan ciwo ba ta iya hango baɗi, ba ta iya hango sati. Gobe kaɗai kike roƙa a wurinta. Bagobira mai tsinke ɗaya, da shi kika tsare mana 'ya'ya a bayan iyayensu.

Bana yatsunta suka ƙi. Gaɓoɓin suka kumbura, tsinke yana suɓuce mata. Likita ya ce ta ajiye sana'a. Ta faɗa mana da wasa, wai an yi mata ritaya ba fansho. Washegari kujera ta kife. Kwana uku, kwana biyar, kwana goma. Mu 'yan Maradi da Damagaram muka yi abin da aka koya mana: mu tsaya a ƙofa mu yi sallama sau uku, in ba a amsa ba mu ajiye kwanon tuwo mu juya. Da rana mu dawo mu tarar da shi yadda muka bar shi. Tsoro ya kama mu. Kitso ne ke fito da ita kullum, yanzu me zai fito da ita?

Rana ta goma sha biyu Fati ta dawo daga Gamkalle da kwandon ganye a ka, ta tarar da mu cirko-cirko. Ta sauke kwando, ta miƙo mini ɗanta.

"Ku kuna da kunya. Ni ba ni da ita a kan Bagobira."

Ta tura ƙofa da ƙafa. Daga waje muna jin ta.

"Tashi, baiwata. Wannan kai ne ko tsummar goge tukunya? Ajidan ɗin naki ya zo ya same ni."

Ta daɗe a ciki. Da ta fito, hannunta duk man shanu, ta ɗaga murya don a ji a ɗaki. "Na yi rabi. Hannuna ya gaji. Gobe ki same ni gindin bedi."

Da safe muka share wurin, muka shimfiɗa tabarma. Kujerar ba mu taɓa ta ba. Hantsi ya yi, rana ta fara zafi. Sai ƙofa ta yi ƙara. Inna ta fito ta rame, tana kare ido daga haske. Ta tsaya a gaban kujerar ta daɗe tana kallonta, sannan ta sa ƙafa ta juya ta. Ta zame kallabi ta nuna mana gefen da aka kitse.

"Ku duba, don Allah. Kwana arba'in kanta yana hannuna, abin da ta koya ke nan? Hanyar shanu ta fi wannan tsaga miƙewa."

Yanzu ba ta kitso. Tana zaune a kujerarta tana koya wa uku daga cikinmu, tana kushe duk layin da muka yi. Ajidan bai bar ta ba, kuma ba ta ce zai bar ta ba. Ranar karɓar ƙwaya, bi da bi muke raka ta.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya sassauta miki yatsu da zuciya.

Ku kuma 'yan uwana mata, ku riƙa duba kan maƙwabciyarku. In ta yi shiru, kada ku ajiye kwano a ƙofa ku juya yadda muka yi. Ku shiga. Ku riƙe mata yaro ba tare da kun raba ta da shi ba, ku raka ta likita, ku bar mata wani abu da sai ta fito gobe za a ƙarasa.

Jiya na wuce na ga kan Inna tsakanin gwiwoyin Fati. Wata guda ke nan, gefen hagu har yanzu a tsefe.

"Yaushe za ki gama, 'yar kopto?"

Fati ta soke tsinke a kallabinta ta miƙe. "Sai gobe."