Fiffiken Buzuzu Ba Gawayi Ba Ne

Ran da aka turo ni gyaran soket a ɗakin gwaje-gwajen da matar yayana ke aiki, karambani ya ja ni. Na ga wani ɗan farantin gilas a bakin famfo, da guntun baƙin ruwa a ciki, na ce bari in yi abin kirki sau ɗaya a rayuwata. Na ɗauraye shi tas, har da gogewa da gefen riga.

Ta shigo ta dubi farantin, ta dube ni.

"Sarkin surutu, shekara ɗari da hamsin ka zubar a kwata."

Na ce Allah ya ba ki haƙuri, Yaya, ban san tsufa na zama a faranti ba.

Aikinta ke nan shekara ashirin da shida. Masu bincike su kafa bututu a gindin tafki su zaro laka, doguwa kamar taɓarya, su kawo mata. Ita ce mai yanka ta siriri-siriri, ta jiƙa, ta tace a rariya, ta sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ta ƙirga burbushin gawayi ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙasa tsohuwa ce, ta sama sabuwa. Inda gawayi ya yi yawa, daji ya ci wuta a wancan zamanin. Ba ta da digiri. Da shara ta fara a ɗakin, wani tsohon malami ya lura idonta ba ya ƙetare komai, ya zaunar da ita kan kujera. 'Ya'ya huɗu ta yi wa makaranta daga kan kujerar nan, wuyanta ya ƙage, tabarau ya yi kauri kamar gindin kwalba.

Bana shugaban sashe ya sayo na'ura mai kyamara, wadda ke ƙirga na wata guda kafin shayi ya huce. Aka ba ta laka ɗaya da Yaya don a gwada. A wani yanki na'ura ta ce ɗari uku da ɗoriya, wato gagarumar gobara shekara dubu biyu da suka wuce. Yaya ta ce sha ɗaya.

Shugaba ya sauko da kansa wurin Yaya, ina kan tsani ina canja ƙwan fitila. Ya ce mata:

"Baba, ido ya gaji. Sa hannu kawai cewa lissafinku ya zo ɗaya, mu tura rahoto."

"Ranka ya daɗe, zauna ka leƙa."

Ta miƙa masa allura. Ta ce ya danna baƙin abin da ke tsakiya. Ya danna, abin ya lanƙwashe ya dawo.

"Gawayi farfashewa yake. Wannan fiffiken buzuzu ne. Na'urarka duk abin da ya yi baƙi wuta ne a wurinta."

Ya ce ba shi da lokacin bin ƙwari da allura, an riga an sanar da gobarar a taro. Ya kuma tuna mata, cikin ladabi, cewa takardar sabunta kwantiraginta na kan teburinsa, ƙarshen wata za a duba. Ya ajiye fom ya fita.

Na sauko daga tsani. Yayana ya yi ritaya, ƙafa ta hana shi fita, albashin nan shi ke riƙe da gidan.

Na ce, "Yaya, don Allah. Wutar da ko kakan kakanmu bai ji ɗuminta ba? Ta ci ko ba ta ci ba, wa zai kai ƙara? Buzuzun? Sa hannu mu ci abinci."

Ta ture fom ɗin da bayan hannu, ta jawo faranti na gaba.

"Kai in ka haɗa waya a karkace, kafin la'asar hayaƙi ya tona ka, shi ya sa kake aikin kirki. Ni ba mai kama ni, kuma ban taɓa rubuta wutar da ban gani ba. Ya kore ni da hannunsa, ba da nawa ba. Matsa, ƙaton kanka ya tare min haske."