Idon Zakara a Tukunyar Wake

A gidanmu na Ƙofar Wambai, a bakin murhu ake tatsuniya, kuma Kaka Yalwa ce mai yi mana. Tsohuwa ce mai faɗan tsiya, amma da ta ce, "Ku matso, labari ba ya son nesa," sai mu manta da ranƙwashin da muka sha da rana.

Ran nan wake ne a kan wuta. Innarmu ta makara a unguwa, sai bayan magariba ta tsince shi. Kaka ta ɗauko labarin wata mata a garin Miri, wadda 'yarta ke wasa da idon zakara, ƙananan 'ya'yan itacen nan jajaye masu dafi. Yarinyar ta zubar da su a faifan wake. Uwar ta zauna tsinta da almuru, ta cire tsakuwa tas, amma ba ta ga ja ko ɗaya ba.

"Ja matsoraci ne," in ji Kaka. "Rana na faɗuwa yake tserewa, kuma daga jikin ƙaramin abu yake fara gudu."

Sai ta katse labarin. Idonta na kan ƙanwata Talatu, wadda ke juya gwangwanin da take tara idon zakara, babu komai a ciki. Da aka tsare Talatu da tambaya, ta nuna faifan Inna. Ga shi har an fara jera kwanuka.

Inna ta rantse ƙwaya-ƙwaya ta tsince waken. Aka ɗebo a ludayi aka kai kusa da wuta, muka zuba ido, duk baƙi-baƙi muke gani. Kaka ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta juye waken a bayan ɗaki, ta kifa kwando a kai saboda kaji. Na ji haushinta ƙwarai. Da gari da ƙuli muka kwana, tatsuniyar ma ba a ƙarasa ba.

Da safe aka ɗaga kwandon. Ga su nan jajur a cikin waken, wasu har sun fashe.

Yanzu ni ke ba Inna maganinta, ƙananan ƙwayoyi, ja na safe, ruwan toka na dare. In aka ɗauke wuta sai ta miƙo hannu ta ce ai ta san launinsu. Ba na musu da ita, tocila nake kunnawa in karanta sunan a jikin kwali. Har yau ban san yadda matar Miri ta ƙare ba, kuma ban taɓa son in sani ba.