Shekarar da Baffana Ya Karya Shaidata

Ido Allah ya ba ni, bai ba ni karatu ba. Tun ina saurayi a Tudun Wada, duk ran ashirin da tara ga wata ni ake turawa bayan unguwa in hau wani tudu mai kallon yamma. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, unguwar ma 'yan gidaje ce, yawancinmu baƙi ne da ba a ba mu wuri cikin ganuwa ba. Mahaifina ne mai duban wata, da ya rasu na gaje shi. Shekara shida, in na ce na gani, liman sai ya nemi mutum na biyu a aika birni da shaidarmu, ba wanda ya taɓa sa ni rantsuwa. Ba ni da gona, ba ni da sana'ar kirki. Abin da nake da shi ke nan, in na faɗi magana a yarda.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne malamin zaurenmu. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Gajere ne, mai kaifin baki, yana da wani tsohon littafin falaki a gafaka wanda ba mai taɓa shi sai shi. Daga ciki yake karanta mana cewa sammai bakwai ne, kowace da mai tafiya a cikinta: Wata, sai Uɗaridu, sai Zuhura wadda mata ke kira Zara matar wata, sai Rana, sai Mirriku mai ja, sai Mushtari, sai Zuhalu. A takarda ya san su kamar 'ya'yansa. Amma fito da shi tsakar gida ka ce ya nuna maka ɗaya, sai ka ga ikon Allah, don idon nan nasa ko akuya a ƙofar gida sai ta yi kuka yake sanin tana nan. Ni nake nuna wa ɗalibansa, kuma wannan ya daɗe yana cin sa a rai.

Shekarar da damina ta ƙi, na shiga aikin safiyo, masu auna ƙasa. Aikina in ɗauki wani ƙarfe mai ƙafa uku da madubin hange a kansa, in bi Bature duk inda ya sa gaba. Baffa ya ce ɗan malam ya zama jakin Nasara. Na ji zafi, amma na ci gaba da aikina, don tuwon da yake ci da dare daga bayan jakin nan yake fitowa.

Baturen ma ba mutumin arziki ba ne. Ya iya Hausa daidai ta zagi da ta umarni, kowa a wurinsa “kai” ne, ko da furfura. Wani lokaci yakan tsaya har rana ta faɗi don ya auna tauraro ya daidaita layinsa. A makon farko na Sha'aban muna wajen hanyar jirgi, na idar da Magariba, sai ya nuna wani tauraro mai haske a gabas ya ce me muke kiran sa. Na ce Mushtari. Ya yi dariya, ya juya madubin, ya ce in zo in gaishe shi.

Ba don alheri ya kira ni ba, so yake ya ga baƙin mutum ya firgita. Na sa ido. Abin da na sani ɗigo ne sai ga shi ɗan faifai, ga wasu ƙananan haske huɗu sun jeru a gefensa kan layi ɗaya. Ya ce watanninsa ne, kewaya shi suke yi kamar yadda namu ke kewaya mu. Ya ɗaga madubin zuwa wata, ɗan kwana bakwai. Wallahi sai da na ja da baya. Ramuka ne da duwatsu, har da inuwarsu, kamar inda aka haƙi ƙasar gini aka bari. Ya ce can ba iska, ba ruwa, ba ciyawa ko ɗaya. Daga nan ya juya yamma, ga Zara. Ba dunƙule take ba, rabi ce mai ƙaho biyu, sak ƙaramin wata. Ya ce duniya ce kusan girman tamu, hasken rana take aro, kuma gajimare ya lulluɓe ta ruf, ba mahalukin da ya taɓa ganin ƙasarta.

“Malamanku sun san wannan?” in ji shi, yana share madubin da hankici inda idona ya taɓa.

Na tsane shi a ranar, amma kashegari da kaina na roƙe shi in sake dubawa. Ƙananan nan huɗu sun sake wuri, uku a gefe guda, ɗaya a ɗayan.

Kuskurena shi ne baki. Mutum mai hankali da ya haɗiye abinsa. Ni kuwa na saba in ga abu in zo in faɗa, aikina ke nan tun tasowata. Na shiga zaure, ɗalibai sun cika, liman ma ya leƙo, na zayyane musu duka. Kuma ba zan wanke kaina ba, na faɗa ne ina kallon Baffa, ina jin daɗin cewa akwai abin da babu a gafakarsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya rufe littafin ya ce, “Wato Mushtari yana da wata huɗu.”

Na ce, “Haka na gani, Baffa.”

“Zuhura kuma jinjirin wata ce.”

“Kamarsa dai take.”

“To, madalla. Allah ya ƙara wa idon nan lafiya.”

Daga ranar ya daina amsa gaisuwata sai da hanci. Ɗalibansa suka riƙa bi na da “Malam mai wata biyar.” Mata a bakin rijiya suka ce Nasara ya ɗiga mini wani abu a ido. Na ɗauka abin zai wuce da azumi, ashe ajiye shi ya yi.

Azumin shekarar a bazara ya zo, ya gasa mu ƙwarai. Ran ashirin da tara hadari ya taso daga gabas, ya ci rabin sama, ya bar wani ɗan tsagi ja a yamma. Na hau tudun, mutane kamar goma suna ƙasa suna ta nuna wurare daban-daban. Kusa da ni akwai tsohon wanzamin unguwa, wanda ya yi mini aski tun ina goyo. Zara ta fito can sama. Na sauke ido ƙasa da ita, wajen hannun dama, dab da kan wata rimi, sai ga jinjirin wata siriri kamar yankan farce. Na kama hannun wanzami na miƙa shi daidai wurin. Ya yi kabbara, ya ce ya gani. Kafin sauran su hawo gajimare ya rufe. Ba madubi, ba Bature, idon da aka haife ni da shi ne.

Muka tafi ƙofar liman, jama'a na biye. Mutum biyu adalai ake bukata, ga mu mu biyu. Liman har ya sa a kira wanda zai kai saƙo birni, sai Baffa ya yi gyaran murya daga kan buzunsa.

“Allah ya gafarta malam, ina da tambaya ga yaron nan.” Da matata da 'yata, amma yaro. “Kai, ba kai ne ka ce mana Zuhura jinjirin wata ce ba?”

Na ce, “A madubi ne, Baffa. Yau da idona na gani, kuma ita tana sama, shi yana ƙasa.”

“Yau Zuhura ta fito ko ba ta fito ba?”

“Ta fito.”

Ya juya ga jama'a ya buɗe hannu. “To, kun ji. Wanda ke ganin wata a jikin kowane tauraro, shi za mu sha ruwa da maganarsa? In ya ɓata wa Musulmi azumi, wa zai ɗauki alhakin?”

Wuri ya ɗau surutu. Aka juya kan wanzami. Tsohon nan ya dubi Baffa, ya dubi ƙasa, ya ce shi dai an riƙe hannunsa an nuna masa, kuma ya ga wani abu kamar shi. Kamar shi! Mutumin da ya yi kabbara har yana buga ƙafa.

Liman mutum ne mai son zaman lafiya, irin son da ke cutar da wanda aka zalunta. Ya ce abin mai sauƙi ne. In na janye maganar madubin Nasara a gaban jama'a, shakka ta kau, sai a karɓi shaidata kamar kullum. Baffa ya gyaɗa kai, ya ce shi ma abin da yake so ke nan, ai ɗansa ne.

Na san na ga wata, na san gobe Salla ce, kuma na san in aka ƙi ni yau an ƙi ni ke nan. Na ce a raina, mene ne Mushtari, me ya taɓa ba ni? Sai na buɗe baki na ce ban ga komai a madubin ba, zancen Bature ne na ɗauko na ƙara masa gishiri.

Baffa ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, “Alhamdu lillahi. Liman, ka ji da kunnenka. Ya zauna a zaurena, gaban ɗalibai, gabanka, ya ce ya ga abin da bai gani ba. Wanda ya yi ƙaryar gani a Sha'aban, a wane littafi aka ce a karɓi ganinsa a Ramadan?”

Liman ya sunkuyar da kai ya ce a cika talatin.

Hukunci shi ne wanda ya ga watan Salla shi kaɗai ba ya cin abinci a bainar jama'a. Kashegari na wuni da baki busasshe a ranar da na san ta Idi ce, ina zaune a ɗaki, matata na ta kai da kawo. Bayan kwana biyu fatake suka sauko daga jirgi suna mamakin yadda muka makara, don a garuruwan da suka baro an riga mu Salla da kwana guda. Labarin ya zaga unguwa kafin la'asar. Na zauna a ƙofar gida ina jiran ko mutum ɗaya ya zo. Wanzami ya biyo ta layinmu da zabirarsa, da ya hango ni sai ya sake hanya.

Da wata ya sake kai ashirin da tara, wani ɗalibin Baffa aka tura tudun. Ban ƙara hawa ba. Bayan shekaru aka yi rigimar iyakar gida tsakanin maƙwabtana biyu, ina tsaye aka kafa dutsen iyakar tun farko, amma da ɗayansu ya ambace ni a matsayin shaida sai aka ce a nemo wani.

Baffa ban yafe masa ba, kuma na je jana'izarsa ne don idon mutane. Sai dai in na zauna na auna, ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Duk abin da na ce na gani a shekarar nan na gan shi, na madubi da na tudu. Sau ɗaya tak na yi ƙarya, a ƙofar liman, kuma ita kaɗai ce maganata da unguwar ta yarda da ita.