Taibatu ta Garbadu da Hanyar Ƙanƙara

Duk wanda ya san Taibatu a Garbadu, in ka ce masa yau ita ke tuƙa mota a Kanada, dariya zai yi maka. Yarinya ce da ko keken yayanta ba ta yarda ta hau. In an ɗora ta a bayan babur za a kai ta kasuwar Mafara ranar Talata, ido take runtsewa tana salati har a iso. Babanta manomin rani ne a Bakolori, shinkafa da albasa, ita kuma aikinta kai masa abinci gona. Can ta koyi halin da har yau bai bar ta ba, wato ta tsaya ta yi shiru tana kallon fili har a manta da ita. Innarta kan ce jikin Taibatu ne kawai ke gidan, hankalinta yana can yana kiwo.

Aure ne ya ɗauke ta. Shamsuddeen, ɗan Bakura, ya tafi karatu, karatun ya ƙare a tuƙin tirela daga wannan jiha zuwa waccan, sai ya aiko ta biyo shi Winnipeg. Ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Garin kuwa ba ɗan acaɓa, mijin ba ya zama, dole ta sa ta kama sitiyari da hannu biyu tana rawar jiki.

Sanyinta na farko ta yi abin da har yau Shamsuddeen ke tsokanarta da shi. Ta fito da safe ta tarar gilashin mota ya daskare, ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta koma ta cika buta da ruwan zafi, ta zo ta kwarara masa kamar mai wanke tukunya. Sai ji ta yi ƙas! Gilashi ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ta leƙo, ta girgiza kai, ta miƙo mata abin kankare ƙanƙara. Daga nan Taibatu ta shiga makarantar sanyi. Ta koyi sauya tayoyi kafin dusar ƙanƙara ta sauka, da ajiye bargo da shebur da dabino a but ɗin mota, da barin tazara mai yawa tsakaninta da na gaba. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne hana ƙafarta danne birki in ta tsorata.

Mota a can sai an tada ta an bar ta ta ɗumama. Wannan ɗan zaman ne Taibatu ta mayar lokacin jin gida. Za ta kunna labaran Hausa a waya, daga nan ta bi saƙonnin muryar matan Mafara ɗaya bayan ɗaya. Tsadar taki, farashin albasa, wace hanya ke biyuwa yau, wane ƙauye 'yan bindiga suka hana shiga gona. Sau da yawa takan san abin da ya faru a Birnin Tudu kafin ta san ko za a yi dusa a unguwarsu.

A cikin motar nan ta ji rasuwar innarta. Lokacin ba ta san kowa ba, mijin yana hanya. Waya ta yi ta ƙara, kowa na cewa Allah ya jiƙanta, amma ba wanda ya cire takalmi a ƙofarta, ba wadda ta zauna kusa da ita ta yi shiru. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ciwon da ya kusan kai na mutuwar. Tun daga ranar ta ɗaukar wa kanta cewa muddin tana ƙasar, ba 'yar Zamfarar da za ta yi zaman makoki ita kaɗai.

Wata safiya cikin tsakiyar sanyi, tana zaune mota na ɗumama, ta ji an ce an tare manoma a bayan Maradun. Saƙo na gaba ya kawo sunayen waɗanda aka kashe, ciki har da Imrana, yayan Suwaiba. Suwaiba nas ce 'yar Maradun, tana aiki a wani ɗan gari can yamma da Winnipeg, tafiya mai nisa, ita kaɗai, domin mijinta bai samu takardar zuwa ba tukuna. Dusa kuwa tun jiya take zuba, rediyon garin na ta roƙon mutane su zauna gida.

Shamsuddeen ya kira daga inda ya yada zango.

"Taibatu, kin ji abin da anka ce hwa. Ki kira ta ga waya, in hanya ta buɗe mu tahi tare."

"Malam, ta'aziyya ba ta jiran hanya. Yau anka yi mata rashi, yau taka bukatar mutum."

"Ke da kinka hwasa gilashi da buta?"

"Ni ɗin dai. Ka yi min izini, ka yi min addu'a."

Ya san matarsa. Sai ya ce, "Allah shi kiyaye. Kada ki taka birki da ƙarhi."

Ta sanar da wurin aiki, ta zuba kunu a fulas, ta kama hanya.

Da ta fita gari, sama da ƙasa suka haɗe suka zama abu ɗaya fari. Ba itace, ba gida, sai fili shimfiɗe iya ganinka, irin shimfiɗar Bakolori in an sako ruwa. Dusar na tahowa a hankali, ba ƙara, mota na tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Nan fa tsohon halin ya motsa. Ta ga kanta a kan kunyar fadama da kwanon tuwo a ka, balbelu na sauka, babanta ya naɗe wando yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ta ji ƙamshin ɗanyar albasa. Ta ga Imrana, wanda ba ta taɓa gani ba sai a hoto, yana tafe gona da sanyin safiya, bai san abin da ke gabansa ba. Ta yi tunanin danginsa na Gusau, su ma ƙila yau suna tsaye a tasha suna tambayar ko hanya na biyuwa.

Bayan motar ne ya farkar da ita. Ya zame gefe a hankali, kamar an ja tabarma daga ƙarƙashinta. Ƙafarta ta tashi za ta danne birki, ta kama kanta, ta ɗage ta daga totur, ta bi motar da sitiyari sannu sannu tana Hasbunallahu. Mota ta yi rangaji, ta dawo kan hanya. Taibatu ta tsaya a gefe, ta ci dabino ɗaya. Tsoro ya kama ta sosai, har ta yi tunanin juyawa. Tana nan sai ga motar share dusa ta zo wucewa da fitilunta, Taibatu ta bi bayanta tiryan-tiryan, ba ta ƙara barin hankalinta ya je ko'ina ba.

Wajen la'asar ta isa. Gidan Suwaiba ɗan ƙarami ne a ƙarshen layi, ba sawun kowa a dusar da ke gabansa. Ƙofar a buɗe take kaɗan, har farar dusa ta shiga ta kwanta a bakin ɗaki. Taibatu ta yi sallama, ta cire takalmi. Suwaiba ta ture kujeru gefe, ta shimfiɗa barguna a ƙasa wajen zaman mutane da yawa, ta ajiye ruwa da kofuna. Ita kuma tana zaune a kusurwa cikin hijabi da rigar sanyi, idonta a bushe.

Taibatu ta durƙusa gabanta.

"Suwaiba, ya munka ji da haƙuri?"

"Alhamdu lillahi, Yaya."

"Allah shi jiƙan Imrana, shi gahwarta mai, shi sa can ta hi mai nan."

"Amin," in ji Suwaiba. A kan kalmar muryarta ta karye, ta kifa kai a cinyar Taibatu ta saki kukan da ta riƙe tun safe.

Da ta lafa, Taibatu ta ji ɗakin ya yi sanyi kamar randa, ta miƙe za ta rufe ƙofa.

"Bar ta, Yaya," Suwaiba ta ce. "Gidan makoki ne. Ko wani na tahe."

Taibatu ta fito daga hanyar nan, ta san ba kowa a kanta. Ta jawo bargo ta yafa, ta zauna a bakin ƙofar, ta tare iskar da bayanta.