Inna Mai Keke da Ƙofar But

A layin teloli babu wanda bai san Inna Mai Keke ba. Shekara talatin da huɗu tana gyaran keken ɗinki, sana'ar da ta koya a gaban mahaifinta tun tana taka kujera kafin hannunta ya kai tebur. Ba ta da shago. Shagonta tsohuwar motarta ce mai dogon baya. In ta tsaya ta ɗaga ƙofar but, wato ta bayan motar, shi ke nan an buɗe kasuwa: ƙofar ta yi mata rumfa, a jikinta daga ciki kuma ga wani faffaɗan katako da ta ɗaure da kusoshi, sifana da filaya da sukundireba kowanne a rataye a mazauninsa. Daga bangon shagon mahaifinta ta ciro katakon, ranar da aka rushe wurin.

Ƙarafan nan biyu masu iska a ciki da ke riƙe ƙofa a sama, waɗanda makanikai ke kira shokan but, sun daɗe da gajiya. Inna ta tokare ƙofar da sandar share ƙasa, ta ci gaba da harkarta. Shekara biyu ana haka, sai ran nan wani tela mai garaje ya zo karɓar kan kekensa, ya bangaje sandar da ƙugu. Ƙofa ta sauko mata a kafaɗar dama. Ɗinki huɗu aka yi mata, ita da ta saba gyara abin ɗinki.

Babban ɗanta, ma'aikacin ofis, shi ya ɗauko ta daga asibiti, kuma da suka iso gida sai ya zura makullin motar a aljihunsa.

"Inna, ya isa haka. Ki huta. Me kika rasa?"

"Makullina na rasa," in ji ta.

A yi masa adalci, ya gwada. Ya kwafi lambar da ke jikin tsofaffin shokan, ya sayo sababbi irinsu sak, aka ɗaura. Aka ɗaga ƙofa, aka saki. Ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta sunkuyo a hankali har ta rufe kanta.

"Kin gani ko? Sababbi fil, amma sun ƙi. Motar ce ta mutu. Na samo mai saye, ranar Asabar zai zo."

Wai mota ta mutu! Motar da ke tashi da murɗawa ɗaya. Abin ya yi wa Inna ciwo fiye da kafaɗar, don ta san ba motar kaɗai yake nufi ba.

"In ƙofar nan ta tsaya da kanta ranar Asabar fa?"

"In ta tsaya ba sanda, kika buɗe kika rufe da hannunki, ga makullinki." Ya faɗa ne da sakin jiki, don ya tabbata ba za ta tsaya ba. Har ya ƙara da cewa, "Ko ki yarda a cire katakon can."

"A cire maka kai tukuna."

Yaran zamani kenan, sun iya karanta lamba, ba su iya tambayar abin da lambar ta ɗauka ba. Kamfani ya auna shokansa da ƙofa tsirara, ba da ƙofa mai goyon shagon mutum guda ba. Inna ta aro sikelin awon jiki a wajen maƙwabciyarta, ta kwance katakon da hannun hagu tana cije leɓe, ta ɗora shi da kayansa duka. Kilo goma sha ɗaya. Ta ɗauko tef ɗin awon teloli ta auna tsohon shoka a miƙe, ta auna shi a matse, ta rubuta a bayan kwalin allura.

Washegari ta shiga motar haya zuwa layin masu kayan mota, ta faɗa wani shago ta ce shokan but take nema. Mai shagon, wani ƙato mai tabarau a goshi, bai ko ɗago ba.

"Mama, wace mota ce? Ki faɗa min in ba ki nata."

"Nata an saya, sun kwanta. Na ƙofata nake nema." Ta ajiye masa kwalin allura da tsohon shoka a kan tebur.

Nan ya sauke tabarau. Ya karanta, ya dube ta, ya janyo mata kujera. Ya fito da kala uku, tsawonsu ɗaya, bakinsu ɗaya, ƙarfinsu ne ya bambanta. Ya nuna mata lambobin: ɗari huɗu da hamsin irin na kamfani, ɗari shida da hamsin, sai ɗari takwas.

"Ba ni mai ɗari takwas," in ji Inna, don zuciya tana cinta. So take ƙofar ta tashi har ta mari sama, ɗanta yana kallo.

"Mama, in ba ki shi, amma zai lanƙwasa miki maɗaurin ƙofa. Kuma duk abin da ya iya ɗagawa, sai an iya saukar da shi. Da wace kafaɗar za ki ja?"

Inna ta shafa kafaɗarta ta dama. Ba ta son gaskiyar da ta fito daga bakin wani, amma ta san ta in ta gan ta. Ta ɗauki na tsakiya, ta sa aka ɗaura mata, ta mayar da katakon mazauninsa.

Ranar Asabar ɗan ya zo da mai saye, wani mutum mai yawan shafa jikin mota kamar ya riga ya biya. Inna ta danna maɓalli. Ƙofa ta tashi sumul, da katakonta da sifanoninta suna kaɗawa, ta miƙe ta tsaya ƙyam. Ɗan ya kama gefenta ya girgiza. Ko gezau.

"To," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Saura rufewa."

Inna ta ɗaga kai. Sababbin shokan sun kai ƙofar sama fiye da inda sanda ke kai ta. Ta miƙa hannun dama, kafaɗar ta soke ta har idonta ya kawo ruwa. Ta yi ɗage ta miƙa na hagu, yatsunta suka shafi iska. Mai saye ya kau da kai yana murmushi. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ƙofar ta faɗo mata.

Sai ta sunkuya cikin but, ta janyo tsohon bel na fata, irin na keken ɗinki na ƙafa. Ta miƙa wa ɗanta.

"Kai da Allah ya ba tsawo, ɗaura min a mariƙin can."

Ya tsaya da bel a hannu. Ya san in ya ɗaura ya faɗi. Ya dubi gashinta da ya yi fari a gefen ɗankwali, ya dubi katakon kakansa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗaura, ƙulli biyu da zarge, yadda ta koya masa tun yana riƙe mata gwangwanin mai.

Inna ta naɗe bel ɗin a hannun hagu, ta saki nauyinta duka. Ƙofa ta yi gardama, sannan ta biyo ta, ta rufe garam.

Ta buɗe masa tafin hannu, da shatin bel ja a jiki.

"Ranar da na ja ta ƙi zuwa, ni zan kawo maka makullin har ofis, ba sai ka ƙwace ba. Ba ni, akwai keke uku da ke jirana."