Lambun da ke Shiga Baro

Makaniki ne shi tun yana saurayi, sai da ciwon baya ya raba shi da ƙarƙashin mota sannan ya waiwayi ƙasa. Wansa ya ba shi aron wani fili a ƙarshen gari, inda iska ke kadawa ba shamaki, ta busar da ganye tun rana ba ta yi tsaka ba. "Je ka yi wasa da shi," in ji wan, "ko akuya ba ta tsayawa a wurin."

Shukarsa ta farko tumatir ce. Iska ta kwantar da ita, zafi ya ƙarasa. Da ya dawo gida hannu rabbana, matarsa ta ce, "Malam, ganye fa ba ya jin sifana." Ya yi dariya, amma abin ya tsaya masa a rai.

A hankali ya gane cewa iskar ta fi ranar ɓarna. Ya kafa layin darbejiya ta gefen da take fitowa, ya tare ƙananan itatuwan da tsofaffin buhuna har suka yi ƙarfi. Ya haƙa kwamin shuka ƙasa-ƙasa, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Ya binne tuluna zuwa wuya a tsakanin shuke-shuken, yana cika su da sassafe, ruwan na tsattsafowa ga saiwa. Daga nan 'yan unguwa suka laƙaba masa Mai Tulu. Da itatuwan suka wuce tsayin mutum, lambun ya ba da tattasai, kuɓewa da alayyafo a watannin da kasuwa ke rasa su.

Bayan rasuwar wan, filin ya faɗa rabon babban ɗansa. Wata rana ɗan ya zo da matarsa, suka tsaya a inuwa suna dube-dube.

"Baffa, ashe haka wurin nan yake da sanyi?"

Mai Tulu ya cika musu kwando, yana jin daɗin yabon. Bai fahimci abin da ya ji ba sai da motar bulo ta iso.

Ba a zalunce shi a shari'a ba, domin aro aro ne, kuma bai taɓa musun haka ba. An bar darbejiyar tana yi wa sabon gida inuwa, an malala siminti a kan kwamin. Ɗan wan ya nuna masa wani filin can gaba, tsirara kamar na farkon.

"Kai ai Baffa, ko kan dutse aka ajiye ka sai ka fitar da ganye."

Da zuciya ɗaya ya faɗi haka. Bai lissafa shekarun da itace ke ɗauka ba, balle waɗanda suka rage wa baffan nasa.

Mai Tulu ya karɓa. Har yau yana noma a can, amma a cikin gwangwanayen fenti da rabin jarkoki, jere a bayan zana, waɗanda zai iya kwashewa a baro duk ranar da aka ce ya tashi. Amfanin kaɗan ne. Matarsa ta kai masa abinci wata rana, iska na fizgar mayafinta, ta ce, "Malam, ko itace ɗaya ba za ka dasa ba, mu samu wurin zama?"

Bai ɗago daga ban-ruwan da yake yi ba.

"Itace ba ya shiga baro," ya ce.